Dokin Da Ɗingishi Ya Zaunar, Da Yadda A Ke Nema Masa Gida

Wannan takarda an rubuta ta domin manoma da dagatai da masu unguwa na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, da dukan ƙauyukan da ke noma da ruwan Tiga. Maganarta a kan dokin da ɗingishi ya kama ce, wanda aka yi wa magani har aka gaji, ciwon ya ƙi saki.

Kowa ya san matsayin doki a ƙasar Kano. Mutum ya kan saye shi tun yana dukushi, ya hore shi, ya hau shi Salla goma ko fiye, ya bi hakimi da shi zuwa birni ranar Hawan Daushe, ya raka angwaye. Ran nan sai a wayi gari yana ɗaga ƙafa. Wata 6 ya wuce, shekara ta zagayo, ba sauƙi. Ga harawa ta yi tsada, ga yaron barga yana jiran ladansa, ga ubangijin doki yana bukatar wani abin hawa, turke kuwa ɗaya ne a gidan. Daga nan tambaya ta kan zo: ina za a kai shi? Yawancin mutane kasuwa su ke kai shi, suna ɓacin rai. Nufinmu mu nuna muku abin da ke jiransa a kasuwa, da kuma hanyar da ta fi wannan.

Abin da ya sa ƙasar ruwa ta ke wahal da gurgun doki

Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman ƙasar nan na damina ne, sai ɗan lambu a fadama. Da an yi kaka an kwashe amfani, gonaki su zama fili, a yi wa doki talala cikin karan dawa, ya yini yana kiwo yana takawa a hankali bisa busasshiyar ƙasa. Yanzu al'amari ya sake. An tsara hekta 22,000 domin noman rani a kashi na farko na aikin, Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa cikin 1976, ita ke lura da ruwan. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa da masara. Gona ba ta hutawa. Wannan arziki ne ga mutane, amma doki ya rasa wurin miƙe ƙafa. In an sake shi ya yi ɓarna, magana ta kai gaban dagaci. Saboda haka a turke ya ke yini, a turke ya ke kwana.

To, doki mai ciwon gaɓa ba abin da ke cutarsa kamar tsayuwa wuri ɗaya. Gaɓar ta kan ƙage, ƙafafu su kumbura, naman jiki ya zube. Abin da ya ke bukata tafiya ce kaɗan kaɗan yini duka, bisa ga son ransa, ba mai kora.

Sa'an nan ga danshi. Kofato in ya daɗe cikin laka da fitsari ya kan yi laushi, tsakiyar tafinsa ta ruɓe, ta riƙa fid da baƙin ruwa mai ɗoyi. Gefen babbar hanyar ruwa siminti ne mai santsi, dokin da ba ya iya dogara bisa ƙafafunsa huɗu in ya zame ciki fid da shi babban aiki ne. Akwai kuma wata cutar dawaki mai saurin kisa, wadda waɗansu ƙwari da suka fi sauro ƙanƙanta su ke ɗauke da ita. Cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa su ke haihuwa, da magariba da asuba su ke cizo. Ciyawar kan kunya da ta bakin ruwa, wadda yara su ke yankowa, sau da yawa an fesa mata maganin kashe ciyawa jiya ko shekaranjiya. Domin waɗannan abubuwa, gidan da zai dace da irin wannan doki galibi a tudu ya ke, cikin jigawa, inda ruwan noma bai kai ba, ko kuwa gidan da ke cikin ƙasar ruwa amma bisa tudu, mai faɗin fili.

A fara sanin ciwon tukuna

Kada a nemi gida sai an san abin da za a faɗa wa mai karɓa. A sa yaro ya ja dokin da sassarfa bisa ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, ragama sako-sako, ku kuwa ku tsaya gabansa. In ciwon a ƙafar gaba ya ke, za ku ga yana ɗaga kai sa'ad da mai ciwon ta taka ƙasa, yana sunkuyar da shi sa'ad da mai lafiyar ta taka. Mutane da yawa su kan juya wannan, su yi ta shafa wa ƙafa mai lafiya magani. In ciwon a baya ya ke, sai a tsaya bayansa a dubi ƙugu: gefen mai ciwo ya fi hawa da sauka. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa ɗingishi ya fi yawa a can, cikin kofato kuwa ya fi ɓuya.

Bayan wannan sai likitan dabbobi. Akwai asibitin dabbobi na Gwale cikin birnin Kano, akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda a ke iya ɗaukar hoton ƙashi. Kuɗin mota da na likita bai kai rabin hasarar doki ba, gama ba kowane daɗaɗɗen ɗingishi ne marar magani ba. Wani ƙusa ce ko ƙaya ta shiga tafi ta tara mugunya, a buɗe, a wanke, mako 2 ya warke. Wani kofato ne aka bari ya yi tsawo ya karkace. Kofato kuwa abin da ya ke tsirowa a wata bai cika santimita 1 ba, sabo ba ya sauka daga sama har ƙasa sai wata 9 zuwa 12, saboda haka mai gyaransa sai ya yi haƙuri. Jijiyar bayan ƙwauri in ta tsage, ita ma ta kan ci wata 9 ko shekara, kuma ko ta warke ba ta komawa kamar da. Wannan ciwo da na gwiwar baya sun yi yawa ga dawakinmu, dalili kuwa sananne ne: a sako doki a guje bisa kwalta, sa'an nan a ja linzami a tsai da shi nan take. Masu kallo su yi ta guɗa, gaɓoɓin doki su biya.

Wanda ba ya warkewa shi ne gaɓar da ta cinye, ƙashi ya tsiro kewaye da ita, da kuma kumburin cikin kofato in ya daɗe har ƙashin ciki ya karkata. Wannan na biyu yawan hatsi ke kawo shi. Alamarsa doki ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa baya, kofato ya yi zafi, daga baya ya yi zobe zobe. Ƙuna da jan ƙarfe ba ta maganin ko ɗaya cikinsu, tabo kaɗai ta ke ƙarawa.

Ku tambayi likita abu uku a fili: ko dokin yana jin zafi in yana tsaye, ko zai iya ɗaukar ƙaramin yaro da tafiyar sannu, ko kuwa ciwon irin wanda a ke gada ne. Amsar waɗannan ita za ta nuna irin gidan da za a nema.

Labarin kasuwa

Dillali ba mugu ba ne, la'ada ya ke nema. Amma ku duba wa ke sayen gurgun doki. Mai son hawa ba ya saye. Saura mutum uku. Na fari mai ba da haya, wanda zai ɗura masa maganin kashe zafi, ya ba samari su yi ta sukuwa da shi ranar biki. Maganin nan, wanda likitoci su ke kira fenilbutazon, yana ɓoye ɗingishi yini ɗaya ko biyu, ciwon kuwa yana nan yana ci, in kuma aka daɗe ana ba da shi ya kan yi wa ciki gyambo ya lalata ƙoda. Na biyu mai matse rake. A wajen Maƙarfi da Kudan akwai inda doki ke juya injin mazarƙwaila, yana kewaya wuri ɗaya tun safe, tafiyar da'ira kuwa ita ce mafi tsanani ga ƙafa mai ciwo. Na uku mai lodi. Daga manyan kasuwannin dabbobi irin ta Maigatari, mai ci ran Alhamis, a kan cika manyan motoci da dawaki da jakuna zuwa Kudu, inda a ke yanka su domin nama, kamar a Obollo-Afor ta Jihar Inugu. Tafiya ce ta kwana da yini a tsaye cikin matsi. Doki mai ƙafa huɗu lafiyayyu ma da ƙyar ya ke kaiwa. Mai ɗingishi in ya faɗi, sauran su tattake shi.

Wanda kuma ya ba dokinsa magani domin ya ɓoye aibinsa ya sayar, ya sani cinikin nan yaudara ne. A shari'a mai saye yana da ikon mayar da dabba in ya ga aibin da aka ɓoye masa, alkali kuwa zai goyi bayansa.

Ba mu kaɗai muka taɓa ganin wannan ba. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, sojan Ingila suka sayar da dawakinsu a Masar maimakon su koma da su gida. Cikin 1930 wata Baturiya, Dorothy Brooke, ta je Alƙahira ta tarar da su sun tsufa suna jan kaya, ƙashi da fata. Ta roƙi taimako a jarida, ta fanshi wajen 5,000, yawancinsu sun riga sun lalace har ba abin yi sai a hutar da su. Cikin 1934 ta buɗe asibitin dabbobi a Alƙahira. Masu dawakin nan ba su sayar da su da mugun nufi ba, sayarwar ce ta fid da al'amarin daga hannunsu.

Wanda ya dace ya karɓa

A nemi mutumin da dokin zai amfane shi ba tare da an hau ba. Irin waɗannan mutane suna nan, sai dai ba a kasuwa a ke samunsu ba.

Babbansu manomi mai son taki. Doki ɗaya ya kan ba da kashi wajen kilo 15 kowace rana. In an tara shi cikin rami tare da shimfiɗar barga, aka bar shi ya ruɓe wata 3 ko 4, ya kan zama taki mai kyau ga albasa da tumatir. Ɗanye kam kada a kai gona, gama yana ɗauke da irin ciyawa. Wanda ya san kuɗin buhun takin zamani ba zai raina wannan ba. In kuwa goɗiya ce, ƙauye ya saba da kiwonta domin haihuwa, tana ɗaukar ciki wata 11. Amma a lura, nauyin ciki ya kan ƙara wa ƙafa wahala, wadda ke jin zafi a tsaye kada a kai ta wurin ingarma. Wadda kuma aka haife ta da karkatacciyar ƙafa, 'ya'yanta su kan gado. Ingarma mai ciwon ƙafar baya sau da yawa ba ya iya barbara, kada a yi wa kowa alkawarin haka. Akwai kuma dattijon da ya yi zamani da dawaki, ƙarfi ya ƙare, ya bar hawa, amma ba ya son ya leƙa barga ya ga turke ba kome. A ganinmu irin wannan ya fi kowa, in yana da jika mai yankan ciyawa.

Wanda za a guje shi ne mai gidan da samari suka cika, kowa yana ɗokin hawa, da wanda tambayarsa ta fari ita ce, "Yana gudu?" Haka kuma mai kirki wanda ba shi da hali. Ku lissafa masa tun da wuri. Doki mai nauyin kilo 300 zuwa 350 yana cin busasshen abinci kilo 6 ko 7 kowace rana, yana shan ruwa garwa 2, da bazara fiye da haka. Yana kuma iya kai shekara 25. In yau shekararsa 12, to, ana maganar ciyarwa ta shekara goma sha wani abu.

Gani ya kori ji, sai ku tafi gidan da ƙafarku, da damina in da hali, kada ku aika. Ku dubi inda zai tsaya: rairayi ne busasshe mai ɗan gangare, ko kwari ne inda ruwa ke kwanciya? Akwai inuwa? Akwai fili mai shinge inda za a sake shi ba dabaibayi, ko da taki 20 ne kowane gefe? Rijiya tana kusa? Sa'an nan ku dubi jakinsa da shanunsa na huɗa. In kun ga gyambo a bayan jakin, haƙarƙarin shanun a waje, kun ga dokinku na baɗi.

Maganar abinci tana bukatar a tsaya a kanta, domin a nan masu kyakkyawar niyya su ke kashe doki. Dokin da ba ya aiki ba ya bukatar dawa irin ta dokin hawa. Harawar wake da ta gyaɗa da busasshiyar ciyawa mai kyau su ne abincinsa, sai 'yar dusa da ɗan gishiri ko kanwa. Ƙiba kaya ce bisa ƙafa mai ciwo, ta kan kuma jawo kumburin kofato ga ƙafa mai lafiya, wadda ta riga ta gaji da ɗaukar nauyin 'yar'uwarta. Tattakar shinkafa tana da yawa a ƙasar nan, arha kuma, amma ba ta da ƙarfi, in ita kaɗai ya ke ci ta kan toshe masa hanji. Kada a zuba masa alkama. Kada a ba shi ragowar albasa, tana ɓata jinin doki, ko ganyen tumatir, ko masara mai fumfuna, wadda ke taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko gyauron dawa sabon toho, gama akwai dafi cikinsa.

Sharaɗi a gaban dagaci

Ya ku dagatai da masu unguwa, a nan aikinku ya ke. Kyauta da amana ba ɗaya ba ne. In mutum ya ba da doki kyauta, aka karɓa, ya fita daga mulkinsa, gobe in ya gan shi cikin motar lodi ba shi da bakin magana. In kuwa kiwo ya ba da, bisa amana, doki nasa ne har yanzu. Wata ƙungiya ta Ingila mai suna World Horse Welfare, wadda Ada Cole ta kafa cikin 1927, haka ta ke yi: tana ba mutane dawaki su riƙe, mallaka tana hannunta, ma'aikatanta suna zagayawa suna dubawa, in riƙo ya ɓaci ta karɓe abinta. Mu ba mu da bukatar koyon wannan daga wani wuri, kiwon akuya da na saniya bisa amana tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Abin da ya rage mana rubutu ne.

A rubuta takarda da boko ko da ajami, gaban dagaci da shaidu 2. A faɗi kamannin dokin, ko akawal ne ko kili ko danda, da shekarunsa, da ƙafar da ke ciwo, da abin da likita ya ce. A ɗauki hotonsa da waya. A rubuta cewa ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ko aro ba, ba za a yi sukuwa da shi ba. In likita ya yarda da hawan yaro, a faɗi iyakarsa. A rubuta wanda zai biya magani da mai yankan kofato, wanda ya kamata ya zo kowane mako 6 zuwa 8. Taki na mai riƙo ne. In goɗiya ce a yanke rabon 'ya'ya tun yanzu. Ya kyautu ubangijin doki ya ɗauki wani kashi na ciyarwa, ya aika da dami kaza na harawa kowace kaka, gama wanda ke aikowa da harawa ba a jin nauyin zuwansa dubiya. A rubuta kuma cewa ran da mai riƙo ya gaji, ya komo da doki ba tare da jin kunya ba, ba kuwa wanda zai zarge shi. Wannan sharaɗi shi ke hana a sayar a ɓoye a ce ya mutu.

Abu ɗaya da a kan manta shi ne mutuwa. In mai riƙo ya rasu, magadansa za su tarar da doki a barga, su sa shi cikin gado. In ubangijin dokin ne ya rasu, nasa magadan za su zo nema. Takardar da ke hannun dagaci ita za ta raba wannan gardama, saboda haka a yi ta uku, kowa ya riƙe ɗaya.

Ranar tashi, in wurin kusa ne a ja shi da sanyin safiya, ana hutawa. In da nisa, a zuba rairayi cikin mota, a matsa ta jikin tudu domin ya shiga ba tsalle, direba kuwa ya tafi sannu. A haɗa shi da abincin da ya saba na kwana 10, a riƙa gauraya shi da na sabon gida, domin sake abinci farat ɗaya ya kan kawo ciwon ciki. Kafin ya tashi a ba shi maganin tsutsa, a yi masa allurar rigakafin ciwon nan mai sandarar da jiki, wanda ke shiga ta raunin kofato. In akwai wani ingarma a gidan a nisanta su. Doki ba ya son kaɗaici, jaki ko rago kusa da shi ya isa. Ubangijinsa ya je dubiya bayan mako 2, sa'an nan tsakiyar damina, sa'an nan ƙarshen bazara sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Waɗannan lokatai biyu su ke nuna gaskiyar riƙo.

In ba a sami gida ba

Malamanmu na Malikiyya sun ce ciyar da dabba wajibi ne bisa mai ita. Ba shi halatta a kore ta daji, ko a bar ta a turke da yunwa. Wanda bai sami amintacce ba, ya riƙe abinsa, ya gyara masa wuri da rairayi, ya sa yaro ya riƙa jansa safe da maraice.

Amma akwai dokin da ba gidan da zai amfane shi: wanda ba ya iya aza ƙafar a ƙasa, ya fi yawan kwanciya har gyambo ya fito masa a ƙugu, yana gumi yana nishi, ya bar cin abinci, ko wanda ƙashin ƙafarsa ya karye ya huda fata. Kai irin wannan wani gida mayar da wahala ne bisa wani. Cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai da ita, domin a hutar da ita. A kira likita ya duba, a shawarci malamin gari, sa'an nan a yi abin a gida, inda ya saba, kada a ɗora masa wahalar tafiya. In da allura likita ya yi, naman ya zama dafi ga karnuka da ungulu. A haƙa rami mai zurfin mita 2, nesa da rijiya, nesa da hanyar ruwa, a bisa tudu inda ruwan ƙasa ba ya tasowa, a binne shi a ranar.